Ɗamarar Papa Nze da Man Shanun Malam Ilu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam Ilu Baduku, amma har yau in na rufe ido ina ganinsa kamar ranar da ya fara shigowa kantin babana a unguwar Sotega ta birnin Libreville. Ba fuskarsa na fara gani ba. Wata ɗamarar fata ce jawur, ta ratso daga kafaɗarsa zuwa ƙugu, da ƙananan aljifai a jere, kowanne da maɓallin tagulla yana ƙyalli. Ni kuwa lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da ake kawo mana daga Kano. Nan take na yanke cewa jarumi ne ya dawo daga fagen fama. Ya buɗe aljihu ɗaya, ina jiran harsashi, sai ga basilla da zare. Ya buɗe na biyu, ya ciro goro ya miƙa wa Baba. Na laɓe bayan buhunan shinkafa ina ta dariya, amma zuciya ta riga ta tafi.

Zamanin arzikin man fetur ne. Libreville tana rawar kai, gine-gine suna tashi, kowa yana zubar da tsohon kaya yana sayen sabo na roba da leda. Shi kuwa wannan baƙo daga Damagaram, da ke gyaran takalma a wata rumfa a unguwar Oloumi, abin da aka zubar shi yake bi. Jakunkunan harsashi da ɗamarun sojan zamanin Faransa yake tsintowa, ya warware ɗinkin da ya mutu, ya bi tsofaffin hudojin ɗaya bayan ɗaya, ba ya ƙara ko guda. Ya ce mai ɗinkin farko ya riga ya zana hanya, rashin kunya ne ka fasa taka. Bayan aurenmu na zama mai riƙe masa zare, ina ƙirƙiro wa kowace jaka labarin budurwar da ta jira mai ita.

Wata rana wani tsohon soja ɗan ƙasar, Papa Nze, ya zo daga unguwar PK8 da ɗamararsa ta yaƙi a naɗe cikin tawul, don a gyara masa. Za a yi faretin mazan jiya a bakin teku, kuma ya ce ƙafafunsa sun gaya masa wannan ne na ƙarshe da zai taka. Da ita yake so ya fita, ko kuwa ya zauna a gida.

Malam ya karɓa da hannu biyu. Ban taɓa ganinsa cikin zumuɗi irin na ranar ba. Ya gama ɗinki, sannan ya yi mata gatan da ake yi wa fata mai daraja a garinsu: ya shafe ta da man shanu har ta ƙoshi, ya naɗe a tsumma, ya kulle a adaka don kada ta bushe ta tsattsage. Sauran kayansa a ƙusa suke rataye, wannan kaɗai ta samu adaka. Ya manta ba a Damagaram yake ba. Nan ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, gishiri ma narkewa yake a kwano.

Ana gab da fareti ya buɗe adakar. Fumfuna ta rufe ɗamarar, kore shar, ga wani wari. Malam ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Muna cikin haka sai ga Papa Nze da sandarsa.

Ya leƙa, sai ya tuntsire da dariya. "Ɗana, miya ka yi da ita?"

"Papa, ka yafe ni. Gata na yi mata."

"Gata? Waccan da ke ƙirjinka, ta taɓa yin haka?"

Malam ya dubi tasa. "A'a."

"To, don tana shan iska ne. Ku mutanen rairayi, komai sai kun ɓoye! Madam, kina da murhu?"

Na ce ina da shi. Muka goge ta da ruwan lemun tsami, aljihu bayan aljihu, ni da Malam, tsohon yana zaune yana ba da umarni kamar yana gaban bataliya. Aka rataye ta can sama da murhuna, inda maƙwabciyata ta koya mini yin bandar kifi. Fatar ta tsira. Ta ɗan yi duhu, amma ɗinkin bai motsa ba.

Ranar fareti muka tsaya cikin taro. Da Papa Nze ya iso, ƙirji a gaba, tagulla tana walƙiya, na rangaɗa guɗa har mutane suka waiwayo. Malam yana ta share ido da hannun riga, wai hayaƙin mota ne. Daga baya Papa ya ce abokan layinsa sun yi ta tambayar wa ya ɓoye kifi a aljihu.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Jikanmu ya nuna mini irin waɗannan jakunkuna a waya, masu sha'awa suna rububinsu a ƙasashen Turawa, an kulle su cikin gilashi. Na san zai yi murna an san darajarsu, sannan ya yi tsaki ya ce a buɗe musu su sha iska. Tun daga waccan rana bai sake rufe fata a adaka ba, ni ma ban rufe ba. Abin da ya bar mini ke nan: bango cike da ɗamaru, da hannun da ya iya bin tsohuwar huda.

Papa Nze kuwa ya koma ƙauyensu, idonsa ya rufe, amma an ce duk ranar fareti sai ya sa an ɗaura masa ɗamarar ya tsaya a ƙofar gida ya ƙame. Da ya rasu, 'yarsa ta kawo mana ita. Ba a akwati ta zo ba. A kwandon kifi mai manyan idanu ta zo, don tsohon ya bar wasiyya: a kai wa ɗan Damagaram, amma kada a yarda ya ga murfi. Tana nan rataye sama da murhuna.