Wace ƙasa ce za ta dawo da ni?

Shekarun baya, ranar da likitan zuciya ya shaida mana cewa aikin da mahaifiyata take bukata gara a yi shi a ƙasar waje, na ɗauka neman asibiti ne babban aikin da ke gabana. Ashe dangi ne.

Mama tana zaune a gidana a unguwar Trikania, Kaduna, tun bayan rasuwar mahaifinmu. Mace ce da ta yi shekaru tana sayar da abinci a bakin masana'antun Kudenda, da shi ta yi mana makaranta. Amma a wurinmu, idan babba ya kwanta ciwo, ba 'ya'ya ke yanke hukunci ba, ba kuma mai ciwon ba. Taron dangi ake kira, manya su yi magana, a rufe da addu'a. Akwai kuma abin da ba a ambata a irin wannan zama, wato mutuwa. Wanda ya ambace ta, sai a ce shi ya kira ta.

Aka taru a falon Kawu, yayan Mama, a Gonin Gora. Kawu ya ce Jamus, domin tsohon ogansa can ya je ya dawo yana tuƙa mota da kansa. Matar yayana ta ce Indiya, akwai wani a cocinsu da ke haɗa mutane da asibitocin can, har masauki yake nema musu. Ni kuwa na sha karatu a intanet har na fara jin kaina rabin likita, ina ta jefa sunayen cututtuka da Turanci, ana gyaɗa mini kai don ladabi. Mama tana gefe, babu wanda ya tambaye ta komai. Aka tashi a kan Jamus, saboda Kawu ne ya faɗa.

Washegari da yamma na same ta a baranda tana ɓare agushi.

"Zauna," in ji ta. "Jiya na ji kuna ta rabon ƙasashe kamar naman Kirsimeti. Tambayata ɗaya ce. A cikinsu wacce ce, idan Ubangiji ya kira ni a can, za ku iya dawo da ni ku kwantar da ni kusa da babanku?"

Na ce, "Haba Mama, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar mai zuciyar ce. Ban ce zan mutu ba. Amma ba zan hau jirgi da wannan tsoron ba. Kuma ƙanwarka nake so ta bi ni, ba baƙon da zan riƙa yi wa magana da hannu ba."

A duk karatun da na yi, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Na koma wurin likitanta, na kuma nemi waɗanda suka taɓa kai marasa lafiya waje, har da wanda ya tafi da mahaifinsa ya dawo da akwatin gawa. Na tambaye su abin da ba a so a tambaya. A ƙarshe Masar ta fi kwanta mini. Jirgi ɗaya ne ba sauyi, tafiyar ba ta da tsawo, ƙanwata za ta samu biza ba wahala, kuma likitanmu ya san wanda zai yi aikin, za su ci gaba da magana bayan ta dawo.

A zama na biyu na miƙe na faɗi haka, na kuma faɗi dalilin farko da sunansa: in ta rasu a can, daga Masar ya fi sauƙi a dawo da gawarta gida.

Kawu ya cire tabarau. "Kai, yaro! 'Yar'uwar tawa kake yi wa fatan mutuwa a falona? Wannan ne abin da jami'a ta koya maka?"

Ina da 'ya'ya a sakandare a lokacin, amma a gabansa har yanzu yaro nake. Duk da haka na ce, "Kawu, a gafarce ni. Zuciyar tata ce, jikin ma nata ne. Jamus ba za ta je ba."

"To, ba hannuna ba ƙafata! Abin da ya faru, a kanka yake."

Sai Mama ta ɗago kai. "Yaya, ni na aike shi. In faɗa ne, ga ni."

Kawu bai zo addu'ar sallama ba. Zan faɗi gaskiya, ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata ina Kaduna riƙe da waya, maganarsa tana ta yawo a kaina. Da ta tafi a ranar, da har yau ni ne wanda ya kira mutuwa a falon Kawu.

Ta dawo da ƙafafunta, tana ƙorafin cewa mutanen can ba su san barkono ba. Ta ƙara shekaru masu kyau tare da mu, ta koma zumuntar mata, ta goyi jikoki. Da lokacinta ya yi, a ɗakinta na Trikania ta cika, muka kai ta ƙauye muka kwantar da ita inda ta ce.

Yanzu idan aboki ya tambaye ni wace ƙasa ce ta fi, nakan ce ya fara komawa gida ya tambayi mai ciwon abin da yake tsoro, sannan ya zo mu yi maganar asibiti.

Kawu har gobe yana cewa da Jamus aka je da tana nan. Wataƙila. Na juya maganar sau da yawa, ban kuma da hujjar da zan ƙaryata shi. Amma ni aka aika, na kuma isar da saƙon. In an sake kiran wannan taro, a wannan falon, zan sake miƙewa.