Adireshin da aka liƙe wa takarda

Har gobe ina tuna Talatar da Malam Isiyaku, manomi daga Galadi, ya sauka daga babur a ƙofar ofishinmu na aika saƙo a Kaura Namoda. Shekarar da aka katse layukan waya ce. Ni ne akawun karɓa: in auna saƙo, in rubuta adireshi, manaja ya buga takardar shaida ya liƙa.

Lawali, ɗan Malam Isiyaku, yana aikin gyaran kifi a wani ƙauyen bakin teku a arewacin Japan. Ya tafi ba da yardar uwarsa ba. Yanzu tana kwance, ta sa an rubuta masa cewa ta yafe.

"Malam, so take shi karanta tun tana da rai," in ji tsohon.

Ya miƙo guntuwar takarda da Lawali ya taɓa aikowa, adireshin da rubutun can. Ban iya karanta ko harafi ba. Amma a zauren da na koyi ajami an hore mu da cewa mai kwafi ba ya gyara abin da bai sani ba. Na zauna daga azahar har la'asar ina ɗaukar zanen layi-layi a bayan ambulan.

Manaja ya duba, ya yi dariya. "Malam Sani, laya muke aikawa? Fom ɗinmu boko ya sani."

"Yallaɓai, a bar nawa a gefe."

"Adireshi ɗaya, ita ce doka."

Da ya je inda waya ke kamawa, na'urar fassara ta wayarsa ta karanta masa sunan ƙauyen da boko. Ya buga, ya liƙa a kan rubutuna. Na yi shiru, ina tsoron rasa aikina.

Ashe ƙauyukan gaɓar nan, masunta na kiran sunayensu yadda kakanninsu suka kira, ba yadda baƙo zai karanta ba. Sunan da na'urar ta bayar babu shi a yankin. Bayan wata huɗu wasiƙar ta dawo. An riga an yi wa tsohuwar addu'ar arba'in.

Malam Isiyaku ya sa farce ya ɓare takardar da manaja ya liƙa. Zanena na nan ƙarƙashi. Daga baya Lawali ya ga hoton zanen, ya ce kowane ɗan aike a can zai kai shi har ƙofa.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku ji: ba rashin sani ya tare wasiƙar ba. Wanda ya ƙi yarda bai sani ba ne, da ni da na san gaskiya na yi shiru. Allah ya yafe mini.