Rabo Maharbi da Zakanyar Tsauni

Rabo maharbi ne a Matameye, farkon zuwan Nasara. A gidansu ba a harbin dabba mai ciki. Wata shekara wata zakanya ta zauna ita kaɗai a dajin Tsauni, cikinta ya tsufa. Kumandan Nasara ya ce fatarta yake so. In Rabo bai kai shi gare ta ba, za a karɓe kwari da bakansa.

Kwana uku Rabo ya kasa cin tuwo.

"Maigida, mutanen nan fa ba sa wasa," in ji matarsa Baiwa.

Ran tafiya, ya bi da kumandan da mutanensa ta inda iska za ta kai wa zakanyar warinsu. Suka tarar da makwancinta da ɗumi, ta tsere. Aka karɓe bakan. Gero Rabo ya noma har ya rasu.