Yadda Bakari Ya Goge Memori da Magagari

A shekarar 2013 Malam Lazarus, tsohon malamin makaranta, ya fara sanin Bakari, mai gyaran waya a Fadaman Mada wanda ya naɗa kansa injiniya. Tsohuwar kwamfutar Malam ta yi nauyi, ga tarihin ƙauyensu da yake bugawa bai kammala ba. Bakari ya kawo sabon memori, ɗan allon da ke ƙara wa kwamfuta sauri, amma ya ƙi shiga gurbinsa.

"Baba, ai kamar sim ne, ragewa ake yi," in ji Bakari, ya hau gogarsa da magagari.

Ana kunnawa sai hayaƙi. A makarantar mishan ta zamanin su Lazarus, irin wannan injiniya ko ƙararrawa ba za a ba shi ya kaɗa ba.

Ran Asabar Bakari ya zo ɗauke da kwamfutar shagonsa, ya ciro tarihin daga ma'ajiyar wadda ta ƙone ya juye a cikinta, ya bar wa Malam ita, ya fice.