Ammu Ba'adain Ya Ƙetare Kogi da Kwamfuta a Buɗe

A Kasuwar Umdurman ta ƙasar Sudan, bayan layin teloli, in ka ce kana neman Malam Zainul'abidin sai a yi ta kallonka. Ka ce Ammu Ba'adain, wato Kawu Ba'adain a Larabcin garin, nan take za a nuna maka shagon. Bahaushe ne haifaffen garin, kakansa ne ya taso daga Haɗeja zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu. Kafin wannan yaƙin ya tarwatsa kasuwar, sana'arsa buga wa ɗalibai kundin karatu, musamman 'yan Najeriya da Nijar masu rubutu kamar tafiyar kaza. Larabci yake bugawa da wasullansa cif, ba ya ko kallon madannai. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: shekara ashirin da huɗu bai taɓa ɓatar wa kowa da shafi ba.

Sunan kuwa kwamfutarsa ce ta ja masa. Duk safiya sai ta yi ƙorafi cewa babbar manhajar da ke tuƙa ta ta tsufa, shi kuma ya danna ya ce, "Ba'adain," wato sai an jima. An jiman nan ta kai shekara shida.

Abin da ya karya masa taurin kai sabuwar na'urar buga takarda ce. Ya sayo ta, ya jona, ta ƙi ko gaisawa da tsohuwar manhajar. Ga kuma kundin Musbahu, wani ɗalibi Bamaraɗe, shafi ɗari uku da goma a cikin kwamfutar, za a miƙa wa jami'a ranar Lahadi. Rubutun hannun ma tuni Musbahu ya ba mai ƙosai, saboda ya yarda da Ammu fiye da yadda ya yarda da kansa.

'Yarsa Husna, mai aiki a kantin magani kusa da kasuwar Suk al-Shabi a Khartum, ƙetaren kogi, ta ce ya bari ta zo ranar Juma'a ta yi masa. Ina! Shi da ya koya mata alif? Da kansa ya zauna kwana uku yana sauke sabuwar manhajar, intanet na tsinkewa yana yi mata addu'a mai kama da zagi, har ta cika filashi. Husna ta ja masa kunne a waya cewa ya kwafe komai tukuna. Ya ce ba'adain.

Ranar Asabar da hantsi ya yi bismilla ya danna. Allo ya yi shuɗi, ya rubuta gargaɗi: kada a kashe. Ƙidaya ta fara rarrafe. Tana kaiwa kashi arba'in da bakwai, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. An ɗauke wuta, kuma duk kasuwar ta san sai la'asar. Batirin kwamfutar nan da ƙyar yake kai sa'a guda.

"Ammu, kundina yana wani wuri dai ko?" in ji Musbahu.

Tsoro ne ya kama Ammu, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya sungumi kwamfutar a buɗe kamar faifan ƙwai ya ce, "Tare mana mota, yaro. Kantin Husna akwai janareta."

Haka aka ga dattijo mai rawani a ƙaramar motar haya, allo a kan cinya, ya yi masa rumfa da gefen jallabiya kada rana ta taɓa shi. A kan gadar Farin Nilu cunkoso ya riƙe su. Direba na tambayar ko marar lafiya ne a ciki, Musbahu na karanto duk addu'ar da ya haddace a jami'a, Ammu na faɗin ƙidaya da ƙarfi: hamsin da biyu, hamsin da uku. Sun faɗa kantin fitilar batiri na ƙiftawa ja.

Husna ta jona kwamfutar da wuta. Bayan azahar ƙidaya ta cika, sabon allo ya fito tas, ya nemi kalmar sirri. Ta juya masa madannan zuwa Larabci. Ya buga, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi.

"Yaba," in ji Husna, yadda take kiran uban nata, "sabuwar tana da ɗan ido a gefe, in an danna sai rubutun ya bayyana. Duba ka ga inda ka kauce."

Ya laluba aljihu. Tabarau na can Umdurman a kan tebur. Ya dubi Musbahu, wanda leɓensa ya bushe kamar mai azumi, ya dubi ɗan idon nan, ya danna shi, ya juya wa Husna allon.

"Karanta mini, amma a hankali."

Ashe Hausa ce da baƙaƙen Larabci. Ita kuwa Husna Hausa a baki ta san ta, ba ta taɓa ganin ta a rubuce ba. Sai ta shiga haɗa baƙaƙen da ƙarfi kamar 'yar makarantar allo, masu sayen magani na saurare.

"De... la... Dela... ma-so-ya-ta?"

Dela sunan mahaifiyarta ne. Tun da Husna ta yi wayo ba ta taɓa jin ya fito daga bakin ubanta ba, daga "ke" sai "uwar yaran nan".

Musbahu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ammu, a gafarce ni, harafi ɗaya ne ya faɗi. Masoyiyata ne."

"Na ce ka fassara mini?"

Ya gyara, kwamfuta ta buɗe, kundi na nan shafi ɗari uku da goma, ko wasali bai goce ba. Musbahu ya zube a kan benci yana hamdala. Husna kuwa tana goge ido da gefen mayafi, dariya da hawaye sun haɗe mata.

"Yaba, tun yaushe?"

Ya rufe kwamfutar, ya gyara rawaninsa, yana kallon kwalaben magani.

"Kullum da safe nake buga shi, tun ranar da na sayi kwamfutar nan. Kuma in kika gaya wa uwarki, ni da ke ne."