Irin da Ke Rataye a Rufin Madafi

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran mahaifinmu bayan doguwar jinya. Ni ce 'yarsa ta biyu, wadda ta dawo gida ta zauna da shi tun rasuwar mijina. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ke cin raina ya hana ni yin shiru.

Baba, tun da ka tafi ake ta yabo, sai dai wani mutum daban ake yabo, ba kai ba. Yaya ya zaƙulo hotonka na soja daga ƙasan akwati, ya sa aka yi masa gilashi, ya kafa a zaure. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin jarumtarka. Ina ya samo labarin? Kai da ko mu 'ya'yanka ba ka taɓa faɗa mana abin da ka gani a yaƙin nan ba. Abin da muka sani kawai kunnenka na hagu da ba ya ji, da yadda jikinka ke rawa idan an yi tsawa. In wani ya kira ka Soja, sai ka juya masa kurman kunnen. Ka fi so a ce maka mai awo, ko manomi.

Labarin da ba ka gajiya da shi na masara ne. Ka ce a shekarar yunwa kakanmu ya ɗaure jar masara a rufin madafi, inda hayaƙi ke tsare ta daga ƙwari. Kuna kuka a ƙarƙashinta, shi ma yana hawaye, amma bai sauke ba, don iri ne. Da aka ɗauke ka yaƙi kana saurayi, ka dawo ka tarar ya rasu, gona ta koma daji, ƙannenka sun watse neman abinci. Kakarmu kaɗai ka samu. Duk damina tana shuka 'yar kaɗan a bayan ɗakinta don kada irin ya mutu. Da wannan ka sake tayar da gidan.

Daga baya ka shiga fatauci, da jaki ɗaya, har Allah ya ba ka shago a bakin kasuwa. Babu hatsin da ba ka auna wa mutane ba, amma jar masarar nan ba ta taɓa shiga mudunka ba. Na ga ranar da wani ya zo saye, ka ce masa iri ba haja ba ne, ka karɓi hularsa ka cika masa. Marigayiya Inna takan ce da masarar nan tana da baki, da ita za ka riƙa hira ka ƙyale mu. Kai kuma ka ce ai ta fi ta haƙuri da hayaƙi.

To Baba, ga abin da aka yi. Washegarin rasuwarka gida ya cika, abinci ya gaza. Na fita aron tukwane wajen maƙwabta. Da na dawo na ɗaga kai a madafi, sai igiya kawai ke lilo. Yaya ya sa an sauke masarar duka, an kai injin niƙa. Ga buhuna jibge a shagonka, neman makulli ne ya yi masa nisa. Kuma ba baƙo ba ne shi, a ƙarƙashin masarar nan ya yi rarrafe. Bara kana kwance, 'yar kaɗan na iya nomawa, kuma ita ke nan wadda ke rataye.

Na same shi a zaure, ƙarƙashin hoton. Ya ce, "Masara ce dai ko? Kasuwa cike take da ita. So kike a ce gidan Soja an bar baƙi da yunwa?"

Na ce, "Yaya, irinmu ka niƙa."

Ya ce ba ya son rashin kunya a gaban mutane. Aka dafa, aka ci, aka yi maka addu'a da bakin da ya ci abin da yunwa ma ba ta sa ka ci ba. Ni ban iya kai loma ba. Damina tana tafe, ban san me zan kai gonarka ba.

Ina cikin wannan baƙin ciki, bayan jama'a sun watse, sai ga wata tsohuwa mai sayar da itace a unguwarmu ta shigo tana dogara sanda. Ta kwance wani ƙullin tsumma a gabana. Jar masara ce, 'yan goyo kaɗan, hayaƙi ya dafe su. Ta ce shekarar da mijinta ya mutu ka zuba mata a gefen zaninta, ka ce in ta ci ta rage. Tun daga nan take shukawa. Ta ce, "Na ji abin da aka yi, 'yata. Karɓi, na gidanku ne."

Na hau turmi na rataye su da igiyar da ka bari. Da Yaya zai koma garin da yake zaune ya tambaya ko zai iya tafiya da hoton, na ce ya tafi da shi. Har yanzu raina bai huce ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ya huce ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Inna da iyayenka a Aljanna. Ya shafe maka abin da ka gani a yaƙi wanda ka kasa faɗa. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙannenka, da jikokinka, da abokan kasuwarka, da Yaya ma, don shi ma uba ya rasa. Idan ruwan farko ya sauka, ni zan shuka. Wanda duk ya zo da hularsa zan cika masa.