Wutar Attracta Ta Je Yawo

A ƙauyenmu na Kilvarra, in ka ce "wutar" ka yi shiru, kowa ya san ta gidan Attracta Durkan kake nufi. Ƙanwar mahaifina ce, shekararta tamanin da uku, gajeriya, ga baki kamar reza. Kakan kakanta ne ya hura wutar ranar da ya gama rufin gidan, tun daga ranar kuma ba ta mutu ba. Kullum da yamma Anti Attracta takan jera tubalan baƙar ƙasar nan da muke yankowa a fadama mu shanya don suna cin wuta kamar itace, ta lulluɓe garwashin da toka. Da safe ta tone, ta busa sau biyu, ta ɗora butar shayi. A bakin murhun nan ake karta ranar Talata, a nan ake sasanta rigimar shingen tumaki. Biki ko a garin da ke kusa ne, ba ta kwana.

Shi ya sa da likita ya ce sai an yi mata aiki a ƙugu, kwana tara a asibiti, ta ce ya riƙe ƙugunsa. Sai da mutanen ƙauye suka taru bayan coci aka raba kwanakin kula da wutar gida-gida, sannan ta yarda ta shiga mota. Ni aka ba Alhamis.

"Sorcha," ta ce da ni ta tagar motar, "toka ake sa mata, ba gata ba."

Na ji haushi, don na haura hamsin, kuma shekara ashirin na yi ina koyarwa a birni. Wuta ce fa. Ranar Alhamis na dube ta, na ga 'yan garwashi uku a ƙarƙashin toka, tausayinsu ya kama ni. Na share tokar tas, na cika murhu da tubali har sama, ta kama tana ruri gwanin kyau, na ja ƙofa na tafi ina yabon kaina. Da safiyar Juma'a na tarar da farar toka. Na cusa hannu har wuyansa, sanyi ƙalau. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

A haka Malachy Tunney ya same ni, don Juma'a tasa ce. Tsoho ne mai kiwon tumaki a bayan tudu, shi da Anti kuma sun fi shekara sittin suna tsokanar juna. Na ciro ashana daga aljihu, ya buge min hannu.

"Mayar da abin nan. Matar da ke gane wanda ya yanko tubali daga warin hayaƙinsa za ki yi wa wayo?"

Ya fita. Bayan rabin awa na hango shi yana ratso gonaki biyu cikin yayyafi, rungume da wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya rufa mata rigarsa, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Ya juye garwashi a murhu, ya lulluɓe da toka, ya ce in rufe bakina.

Ranar da aka sallamo Anti, gidan ya cika, ga burodi mai zafi, ga mai goge yana gwada tsirkiya. Ta shigo tana dogara sanda, ba ta gaida kowa ba, ta nufi murhu. Ta daɗe tsaye. Sai idonta ya sauka kan tukunyar, wadda muka manta a gefe.

"Malachy Tunney, tukunyar uwata ce wannan."

"Ai dama na ce zan dawo da ita."

"Ka ce, ranar aurenka. Shekara hamsin da biyu ke nan, tsohon banza."

Aka kwashe da dariya, ban da ni. Na buɗe baki zan faɗi laifina, ta ɗaga min sanda.

"Na sani. Tun da na ga kin share min murhu kamar ɗakin tiyata na sani." Ta zauna a kujerarta. "Ranar da ya auri Dympna, ni na ɗauki garwashi daga murhun nan a tukunyar nan na kai musu sabon gida, don haka ake yi. Dympna ba ta taɓa bari ta mutu ba, wannan na sani. Amma yau shekara shida da binne ta." Ta juya ta dube shi. "Kai da ko ƙwai ba ka iya dafawa, kai ka riƙe wutar?"

Malachy ya cire hula yana juya ta a hannu. "Ita ta bar min. Da safe in na tone na ga ja, sai in ce mata ina kwana."

Anti ta share ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne, tubalin Malachy bai taɓa bushewa da kyau ba. Sannan ta tura min tukunyar da ƙafarta mai lafiya.

"Wutar ta je yawo ta dawo. Ɗebi ki kai gidanki, Sorcha. In ta sake kuɓuce mana, a gidaje biyu za mu neme ta."